Shirun Baba Dodo

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin ban tsoro mai fassara a garin nan ya san muryar Baba Dodo, ko da bai san fuskarsa ba. Fuskar ma dai wanda bai gan ta ba bai yi asarar komai ba. Dogon mutum ne siriri mai ɗan ranƙwafo, da tabarau wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. In ka gan shi yana tsallaka titi da ledar burodi sai ka ɗauka tsohon masinja ne da ya yi ritaya. Amma shi ne mai zama a wani ɗan ɗaki a bayan shagon sayar da fina-finai, ɗakin da aka jingina wa tsofaffin katifu a bango don kada hayaniyar titi ta shigo. Nan zai toshe kunnuwansa da abin sauraro, ya kai bakinsa kusa da makirufo, ya mayar da maganar mutanen wata ƙasa ta zama tamu. Shi kaɗai ne mijin, shi ne matar, shi ne yaron da ya ɓata a daji, shi ne kuma abin da ya cinye yaron. Yaran layi ne suka laƙaba masa Dodo tun gashinsa yana baƙi, da furfura ta fito sai aka ƙara masa Baba a gaba.

Ba wani jin yaren masu fim ɗin yake yi ba, in ka cire gaisuwa da zagi. Yadda yake aikinsa shi ne ya fara kallon fim ɗin da sauti a kashe, yana karanta fuskoki, sai ya gane wa ke ƙarya, wa ke ɓoye kuka, sannan ya sa musu magana a baki. Sauran masu fassara surutu suke zubawa tun daga farko har ƙarshe, har da barkwanci a kan gawa. Shi kuwa in an zo wurin da ya kamata gaban mutum ya faɗi, sai ya yi tsit, ya bar mai kallo shi kaɗai da ƙarar ƙofa.

Mai Shago, wanda yake ba shi aikin, ƙato ne mai son jini a fim kamar me. Kullum suna cikin musu.

"Baba, ka ga wannan sabon?" in ji Mai Shago. "Kafin a gama nuna sunayen 'yan wasa an sare kan mutum biyar."

"To mahauta za ka kai wa, su suka san kan aikin," in ji Baba Dodo. "Jini ƙyama yake sa wa, yaro. Ka rufe ido, ka buɗe, ya wuce, ka ci abincinka. Tsoro kuwa binka yake yi gida. Ka ɗauki abin da mutum ya fi yarda da shi a duniya, ka karkata shi kaɗan kawai, ka ga aiki."

In ka tambaye shi wanda ya fi so cikin duk fina-finan da ya fassara, to ka nemi wurin zama. Akwai wani na wata uwa da ta dawo daga tafiya da tsaraba, yara suna murna, miji yana murna, kyanwar gidan ce kaɗai ta ƙi shiga ɗakin da take. Har fim ɗin ya yi nisa ba a ga ko ɗigon jini ba, sai dai matar ba ta ƙifta ido, kuma ƙaramin yaron ne ya fara lura. Akwai kuma wani na tsoho mai zama shi kaɗai, wanda kullum da safe yake tarar da kofi biyu a jiƙe a wurin wanke-wanke, alhali ɗaya ya sha shayi da shi. Baba Dodo ya ce bayan ya gama wannan sai da ya daɗe yana leƙa kicin ɗinsu kafin ya shiga, shi da ya san ƙarya ce, shi da ya sa mata murya.

Duk wannan sanin a wurin matarsa ya koye shi, ita da ba ta taɓa kallon fim ɗin ban tsoro ba ko sau ɗaya. Tela ake ce mata a layin, shi kuma Uwargida yake kiranta don tsokana, tunda ita kaɗai ce bai taɓa yin wata ba. Tun yana saurayi mai yaga tikiti a ƙofar tsohuwar silima ya kai mata wando gyara. Yana jira, bakinsa ya ƙi zama, ya kama ba ta labarin fim ɗin da aka nuna jiya, yana sauya murya yana zare ido. Tsabar tsoro ta ɗinke masa aljihu ruf. Ya dawo a buɗe masa aljihun, ya ƙarasa mata labarin, daga nan kuma bai daina dawowa ba.

Bayan aure abin ya zama musu tsari. Kowane sabon fim sai ya gwada a kanta kafin ya ɗauki murya. Tana kan keken ɗinkinta irin mai takawa da ƙafa, shi yana zaune a kan tulin yadi yana yi mata muryoyin ɗaya bayan ɗaya. In keken ya ci gaba da gudu, to maganar ba ta kama ba, sai ya sake. In ƙafarta ta tsaya cak, fim ya yi. Sai ta harare shi ta ce, "Allah ya shirye ka, yau ma sai ka raka ni banɗaki." A haka suka haifi 'ya'yansu suka aurar, manyan suka yi nisa, aka bar Auta kaɗai a cikin garin, tana aiki a wani kantin magani.

Ciwon da ƙananan abubuwa ya fara. Tela wadda take riƙe awon rabin matan layin a kanta sai ga shi ta yanka hannun riga ɗaya sau biyu. Aka tsinci almakashinta a cikin firji. Ta riƙa tambayar ina mahaifiyarta ta shiga, matar da ta rasu tun Auta tana goye. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa. Masu kawo ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya, ba a kuma ga laifinsu ba. Keken dai ba ta rabu da shi ba. Kullum bayan azahar sai ta hau ta yi ta takawa, ba zare ba yadi, Baba Dodo ya cire allurar don kada ta soke yatsa.

Ranar da ta fara kasa gane fuskarsa, shigowa ya yi falo da ledar burodinsa. Ta zabura ta jawo mayafi ta rufe kai.

"Malam, wa kake nema? Maigidan ba ya nan."

Ya ce, "Uwargida, ni ne."

Ta saurara, sai kafaɗunta suka sauka. "Au, kai ne? Shi ne za ka shigo wa mutane ba magana kamar ɓarawo?"

Nan ya gane fuskarsa ta tafi amma muryar tana nan. Daga ranar bai ƙara faɗo mata ba zato ba. Ko daga kicin ya fito sai ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, ya ƙwanƙwasa a hankali, ya ce, "Uwargida, ni ne, buɗe mini." Ita kuma ta ce, "Ka dawo?" ko da bai je ko'ina ba. Da wannan 'yar maganar yake ba ta magani, da ita yake yi mata wanka, da ita take yarda ta ci abin da ya dafa. Ya ji zafin abin ƙwarai, amma ya gode wa Allah da aka bar masa ko da wannan.

Auta ba ta gamsu ba. Ta zo wata ranar hutu, ta ga mahaifinta yana shanya zannuwa, bayansa a tanƙware, ta jawo shi gefe.

"Baba, ba za ka iya ba. Kai ma lallaɓa ka ya kamata a yi. Ka bar ni in tafi da Mama gidana, akwai ɗaki, akwai mai taya ni."

"A can wa ta sani?" ya ce. "Nan ta san inda kekenta yake, ta san hanyar banɗaki, ta san ni."

"Muryarka ta sani, Baba."

"To muryar ta wa ce?"

Auta ta share ido da gefen mayafi. Ta ce ta ji, ta bar ta. Amma duk ranar da mahaifiyarta ta daina samun natsuwa da shi, za ta zo ta ɗauke ta, kada ya ce ta yi masa rashin kunya. Ya ce ya yarda, don a ransa yana ganin wannan ranar ba za ta zo ba.

Tunda ba ya iya barinta ita kaɗai, sai ya kwaso aikin ya dawo da shi gida. Mai Shago ya ara masa kwamfuta da makirufo da 'yar lasifika, shi kuma Baba Dodo ya share ɗakin ajiya da ke jikin ɗakin Tela, ya jingina tsohuwar katifarsu a bango. Yakan yi aiki bayan azahar, lokacin da take kan keke, don ƙarar keken tana gaya masa tana lafiya, kuma yana ganin ƙarar za ta rufe mata nasa surutun.

Sai aka kawo wani fim na wani masunci da ya nutse a ruwa. An tsamo shi, an binne shi, matarsa tana cikin zaman makoki, sai ga ƙwanƙwasa a ƙofa. Ba a taɓa nuna abin da ke waje ba, ƙofar kawai ake gani da fuskar matar. Baba Dodo yana gani ya san ya samu irin nasa. Mai Shago ya ce a yi wa mamacin ƙatuwar murya mai gurnani, irin ta cikin rijiya. Baba Dodo ya gwada, ya ji abin dariya ne. Ya gwada mai rawa, ya gwada mai shaƙewa, duk ba su kama ba. A ƙarshe ya ajiye duk wata dabara, ya yi magana da muryarsa ta kullum, ta mutumin da ya gaji ya dawo gida. Kalmomin ma bai wahala wajen nemansu ba, suna bakinsa. Ya san daga inda ya ɗauko su, ya ɗan ji wani iri, amma daɗin aikin da ya yi kyau ya danne wannan.

Yana da ɗabi'a guda tun a shago. In ya gama ɗaukar wuri mai muhimmanci, sai ya zare abin sauraron daga kwamfuta ya saki sautin ta lasifika, ya ƙara ƙarfi, don ya ji yadda zai fito a ɗakunan mutane. Hannunsa ya yi wannan da kansa, kamar yadda ya saba yi shekara da shekaru.

Ƙwanƙwasa ta cika gidan. Sai muryarsa: "Uwargida, ni ne, buɗe mini."

Sai muryar matar masuncin, wadda shi ɗin ne dai ya siranta tasa: "Mijina ya rasu. Da idona na ga an fita da gawarsa. Wane ne kai?"

"Ni ne mana. Sanyi nake ji. Buɗe mini."

Ya mayar baya ya sake saurara. Ya kuma sakewa. A cikin haka kunnensa ya ba shi cewa keken ya tsaya. Abin da ba zai taɓa yafe wa kansa ba shi ne, murmushi ya fara yi, don a ransa ya ce fim ya yi. Sai da murmushin ya gama fitowa sannan ya tuna halin da mai keken take ciki.

Ya fito da sauri har yana tuntuɓe da waya. Ƙofar ɗakinta a rufe, ya tura ya ji an tokare ta da wani abu mai nauyi. Hankalinsa ya tashi, kuma mutum in hankalinsa ya tashi abin da ya saba shi yake yi. Ya ƙwanƙwasa ya ce, "Uwargida, ni ne, buɗe mini."

Ba ta yi ihu ba. Da ƙaramar murya mai rawa ta amsa daga ciki.

"Mijina ya rasu. Da idona na gani. Ka tafi, don Allah ka tafi."

Ya yi rantsuwa, ya yi bayani, ya ce fim ne, ya kira sunayen 'ya'yansu, ya tuna mata aljihun da ta ɗinke. Duk kalmar da ya ƙara, kukanta ƙaruwa yake yi. Sai da maƙwabciyarsu ta zo ta lallashe ta ta taga sannan Tela ta janye keken daga jikin ƙofa. Aka same ta a tsugune a bayan gado, ta jiƙa zaninta.

Ya sa rai za ta manta, tunda matar da ke manta ta ci abinci kafin a ɗauke kwano ai ba za ta riƙe maganar fim ba. Amma wannan ciwo ba shi da adalci. Ya kwashe mata sunayen jikokinta, ya bar mata wannan. Gari ya waye, ya ce mata ina kwana daga bakin ƙofa, ta ƙanƙame maƙwabciya. Ya ce to bari ya sauya murya, ai sana'arsa ce. Ya yi ta tsohuwa, ya yi ta saurayi, ya yi ta mai sanyin magana irin ta likita. Ya manta cewa a duk duniya ita kaɗai ce ta ji waɗannan muryoyin tun suna ɗanye, a kan tulin yadi. Kowacce ya ɗauko sai ta toshe kunne ta ce, "Shi ne. Ya sauya murya ne, shi ne."

Auta ta zo da jaka. Ba ta yi masa faɗa ba, shi kuwa da ta yi da ya fi samun sauƙi. Tana ninke kayan mahaifiyarta, shi yana kicin yana haɗa shayin da ya saba kai mata war haka, don bai san abin da zai yi da hannuwansa ba. Ya ɗauko kofin ya zo bakin ƙofa. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya fasa. Ya buɗe baki, ya rufe. Sai kawai ya shiga a hankali, kansa a ƙasa, ya durƙusa ya miƙa mata.

Tela ta dube shi sama da ƙasa. Ba ta ja mayafi ba. Ta karɓi kofin ta kurɓa.

"Sannu, bawan Allah. Ka iya shayi kuwa." Ta jira amsa, ba ta samu ba, sai ta juya wurin Auta, wadda take ɗauka wata ma'aikaciyar asibiti ce. "'Yar nan, bebe ne?"

Auta ta kalli mahaifinta. Ya gyaɗa mata kai.

"Eh, Mama, bebe ne. Shi zai riƙa kula da ke."

"Allah sarki. To a bar shi, yana da hankali."

A bakin titi suka ƙarasa maganar, nesa da taga. Auta ta ce, "Baba, kai da ko a barci magana kake yi? Ba za ka jure ba."

"Ki mayar da kayanta cikin durowa," ya ce.

Ya mayar wa Mai Shago kwamfutarsa. Fim ɗin masuncin kuwa ya fita, kuma duk cikin aikinsa ba wanda ya kai shi kasuwa. Samari suka mayar da maganar abin wasa, kana tafiya sai ka ji wani yana buga ƙofar shagon abokinsa yana cewa, "Uwargida, ni ne, buɗe mini," ana ta dariya. Baba Dodo ya sa an ƙara labule mai kauri a tagar da ke kallon layi. Mai Shago ya yi ta sintiri yana roƙo, ya ce ko sau ɗaya a mako ne ya zo shago, mutane suna tambaya. Baba Dodo ya ce masa muryar ta ƙare, ya nemi wani.

Yanzu a gidan nan ba a jin komai sai keke da ƙarar cokali. Ya cire ƙarar wayarsa. In tari ya taso masa sai ya danne shi har ya kai bakin titi. Yana kwana a falo da ƙyalle a kusa da bakinsa, saboda maganar barci. In yana son ta sha magani sai ya nuna mata a tafin hannu, ta karɓa ba musu. Ta sa masa suna Bebe, tana kuma tausayinsa, takan rage masa burodi a gefen faranti. Shi ke nan abin da ya samu: tana gidanta, tana cin abin da ya dafa, ba ta gudunsa. Yana cikin baƙin ciki, kuma ba shi da wanda zai gaya wa a cikin ɗakin.

Wata ranar bayan azahar tana taka kekenta, yana zaune a kan tulin tsofaffin yadin da ba wanda ya dawo karɓa, sai ta rage gudu ta dube shi.

"Bebe, da ka zo da wuri da ka ga mijina. Wannan wurin da kake zaune, nan yake zama. Mutum ne mai surutu, in ya fara ba ka labari sai ka kasa zuwa banɗaki kai kaɗai." Ta yi 'yar dariya. "Allah ya jiƙansa. Ruwa ne ya ci shi."

Ya sunkuyar da kai.

"Ka saurara da kyau, tunda kunnenka yana ji. In aka ƙwanƙwasa aka ce ni ne, kada ka buɗe. Muryarsa ce sak, amma ba shi ba ne." Ƙafarta ta tsaya a kan keken. "Ya kwana biyu bai zo ba ma. Kada ka gaya wa kowa, wani lokacin zama nake yi ina jira. Tsoronsa nake ji, amma ina kewar muryar nan, Bebe. Ko sau ɗaya in ƙara ji."

Maganar ta zo masa baki, "ni ne", kalma biyu ce kawai, ya san kuma yadda zai faɗe ta. Ya dubi hannunta da ke kwance lafiya a kan keken, ba ya rawa. Ya haɗiye.

"Tashi ka duba mini ko an sa sakata," ta ce.

Ya tashi ya je ya duba. A sanye take, amma ya zare ta ya sake turawa da ƙarfi don ta ji, sannan ya dawo ya zauna a kan yadin, ita kuma ta ci gaba da taka keken.